Idan Rubutu Ya Faɗo Cikin Takardarku Ba Ku Kira Shi Ba

Ƴan uwa masu koyon karatu da rubutu, da yawa daga cikinku yanzu kun wuce alli da allo da kaye, kun fara zama gaban kwamfutar tebur, wadda a nan aka fi sani da ordinater. Wasu na buga wasiƙa, wasu na jera sunayen membobin ƙungiya, wasu kuma na riƙe lissafin adashi ko na bankin cimaka. Akwai wata matsala da take yawan firgita sabon hannu. Mutum yana cikin aikinsa, sai ya ga wani rubutu ya faɗo tsakiyar takardarsa, rubutun da bai buga ba. Wani lokaci kalma ɗaya ce, wani lokaci shafi ne sukutum, wani lokaci ma rubutun wanda ya zauna bisa kujerar tun da safe ne. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa baƙon rubutun yakan zauna a gurbin naku, naku ya ɓace.

Kwamfuta ba ta yin haka don ganin damarta. Kowane lokaci akwai abin da ya ba ta umurni: ko yatsan da ya kauce, ko maɓallin da ya maƙale, ko linzami, ko wani tsari da aka kunna a cikinta. Wanda ya san waɗannan ƙofofi zai iya gano wadda matsalarsa ta biyo, kuma mafi yawan lokaci zai gyara da kansa ba tare da ya biya kowa ba.

Daga ina rubutun yake fitowa?

Cikin kowace kwamfuta akwai wani wuri da ido ba ya gani, inda take ajiye abin da aka kwafa. A nan za mu kira shi allon ajiya. A kwamfutar da ke aiki da Faransanci sunansa Presse-papiers. Ku ɗauke shi kamar allon almajiri: karatu ɗaya ake rubutawa a kansa, idan za a rubuta sabo sai a wanke na da.

Ayyuka uku ne suke tafiya da wannan allo. Kwafa, wato Copier, tana ɗaukar abin da kuka zaɓa ta sa shi bisa allon, ta bar na asali a wurinsa. Yankewa, wato Couper, tana ɗauke shi daga wurinsa gaba ɗaya ta sa bisa allon. Mannawa kuma, wato Coller, tana sauke abin da ke bisa allon a daidai inda ɗan sandan nan mai ƙyaftawa yake tsaye cikin takardarku. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Amurka mai suna Larry Tesler ne ya ƙirƙiro ta tare da abokin aikinsa Tim Mott a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox, tsakanin 1973 da 1976. Tesler ya rasu a 2020, amma dabararsa tana cikin kowace kwamfuta da kowace wayar zamani.

Ku riƙe abu biyu game da wannan allo, domin a kansu dukan matsalar ta ginu. Na farko, mannawa ba ta wanke allo. Kuna iya manna abu guda sau goma, yana nan. A kwamfuta mai Windows, ko kun rufe takardar da kuka kwafo shi daga ciki, yana nan har sai an kwafi wani abu ko an kashe na'urar. Na biyu, idan akwai rubutun da aka zaɓa, wato wanda ya yi shuɗi ko toka-toka bayan an ja linzami a kansa, to mannawa ba a gefensa take sauka ba, a kansa take sauka, ta shafe shi. Shi ya sa wasiƙa mai shafi biyu take iya komawa kalma ɗaya cikin ƙyaftawar ido.

Abin da za ku fara yi

Ku ɗauke hannu daga maɓallai da linzami. Wannan shi ne mafi wuya, domin tsoro yana sa mutum ya yi ta danne-danne, kuma kowace dannawa tana ƙara nisanta ku da aikinku na ƙwarai. Ku dubi takardar da kyau tukuna.

Sa'an nan ku riƙe maɓallin Ctrl, ku taɓa harafin Z sau ɗaya, ku saki. Wannan umurni ne na janye aikin ƙarshe, da Faransanci Annuler. Baƙon rubutun zai tafi, wanda ya shafe kuma zai dawo. Idan bai dawo ba, ku sake yi sau ɗaya, ku sake dubawa. Kowace taɓawa taki ɗaya ce zuwa baya. Idan kun wuce inda kuke so, Ctrl da Y suna mayar da ku gaba. Manhajar lissafi ta Excel tana iya komawa baya har taki 100, amma wannan tunawa tana ƙarewa da zarar kun rufe takardar. Saboda haka kada ku rufe ta da nufin gobe a gyara.

Idan abin ya dagule har ba ku gane kan takardar ba, akwai wata hanya. Ku rufe ta, idan kwamfuta ta tambaye ku ko a adana, ku zaɓi Ne pas enregistrer, wato kada a adana. Da kun sake buɗe ta, za ku same ta yadda take a lokacin da kuka adana ta na ƙarshe. Duk abin da kuka buga bayan wannan lokaci ya tafi, don haka wanda ya saba adana aikinsa a kai a kai da Ctrl da S ba zai yi asara mai yawa ba. Ɗaukewar wuta ma ta isa ta koya wa mutum wannan ɗabi'a. Sai dai ku tambayi mai kula da ɗakin ko takardarku tana cikin waɗanda suke adana kansu a intanet, domin irin waɗannan ba sa jiran izininku, kuma a kansu wannan hanya ba ta aiki.

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu mu mutanen bakin iyaka, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Allon maɓallai iri biyu ne suke yawo a kasuwanninmu. Akwai na Faransanci, wanda layin haruffansa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Akwai na Ingilishi, irin wanda ake amfani da shi a Najeriya, wanda ya fara da Q, W, E, R, T, Y. A na Faransanci harafin Z yana sama, W yana ƙasa kusa da X. A na Ingilishi sun yi musanyar wuri. To Ctrl da Z janye kuskure ne, amma Ctrl da W rufe takarda ne. Wanda ya koyi aiki a Kano ko Katsina ya zo ya zauna gaban allo na Faransanci a Maraɗi, idan ya bi sabon yatsansa bai duba ba, zai rufe takardar a maimakon ya janye kuskuren. A Word za a tambaye shi ko a adana, amma a shafin intanet rufewa kawai za a yi, abin da ya cika cikin fom ya tafi.

Haka kuma yana yiwuwa abin da aka rubuta bisa maɓallan ya saɓa da harshen da aka saita kwamfutar. Gwajin mai sauƙi ne: ku danna A, idan Q ya fito, to akwai saɓani, kuma maɓallin da aka rubuta wa Z harafin W yake bugawa. Ku dubi ƙasan fuskar kwamfuta kusa da agogo, za ku ga an rubuta FRA ko ENG. A nan ake sauyawa. Shawarata ga wanda bai riga ya saba ba ita ce ya bar maɓallan, ya kai linzami bisa ƴar kibiyar nan mai lanƙwasa zuwa hagu da ke saman takarda, ya danna ta. Aikinta ɗaya da Ctrl da Z, kuma ba ta da maƙwabcin da zai cuce shi.

Laifin yatsa da laifin maɓalli

Dalilin da ya fi kowane yawa shi ne maƙwabtaka. Ku dubi layin ƙasa na haruffa: X, C da V suna jere kafaɗa da kafaɗa, a allon Faransanci da na Ingilishi duka. Ctrl da X yankewa, Ctrl da C kwafa, Ctrl da V mannawa. Mutum ya zaɓi dogon rubutu yana so ya kwafa, yatsansa ya kauce da faɗin maɓalli ɗaya ya sauka bisa V, shi ke nan tsohon abin da ke bisa allo ya hau kan rubutun. Haka yake ga wanda yake amfani da maɓallin dama na linzami: jerin da yake fitowa yana ɗauke da Couper, Copier da Coller kusa da juna, hannun da ya girgiza kaɗan sai ya zaɓi na gefe.

Mu masu rubuta Hausa muna faɗawa wannan rami fiye da masu rubuta Faransanci, kuma da dalili. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasar Nijar ta 1999 ta tabbatar, babu su bisa maɓallan da ake sayarwa a kasuwa. Mutane da yawa sukan kwafi harafin daga wani wuri su riƙa manna shi duk inda ake bukata. Wanda yake yin haka yatsansa yana kan Ctrl da V kusan kowane layi. Idan a tsakani ya kwafi wani sakin layi ya manta, to a inda ya so ƙ guda ɗaya sai sakin layi ya zubo tsakiyar kalma. Windows tana da tsarin maɓallan Hausa a cikinta, mai kula da ɗakin zai iya ƙara shi daga wurin saita harsuna. Jerinsa irin na Ingilishi ne, don haka ku tuna da zancen Z da W.

Akwai wata hanyar mannawa da mutane kaɗan suka sani. Riƙe Maj, wato maɓallin nan mai kibiya tana kallon sama, tare da taɓa Inser, shi ma mannawa ne. Inser yana zaune ne dab da maɓallin gogewa na baya da kuma Suppr. A allon Faransanci kuwa ana riƙe Maj domin buga lambobin layin sama. Mai buga lambobi yana riƙe da Maj, ya yi kuskure, ya kai ɗayan hannun zai goge, ya taɓa Inser: rubutu ya faɗo. Ƙari a kan haka, cikin Word akwai zaɓin da yake mayar da Inser shi kaɗai maɓallin mannawa. A kashe yake zuwa, amma wani yana iya kunna shi. Ana samunsa ta Fichier, sai Options, sai Options avancées, a sashen da ya shafi yankewa da kwafa da mannawa.

Idan kuwa kun tabbata yatsanku bai kauce ba, ku yi wannan gwaji. Ku buɗe sabuwar takarda wadda babu kome a cikinta, ku rubuta kalmar gwaji, ku kwafe ta. Sa'an nan ku danna harafin V shi kaɗai. Idan v ya fito, lafiya lau. Idan kalmar gwaji ce ta sake fitowa, to kwamfuta tana ganin kamar ana riƙe da Ctrl, ko da yake hannunku ba ya kansa. Za ku lura kuma sauran haruffa ba sa fitowa, sai tagogi iri-iri suke buɗewa.

Abu biyu ne suke kawo wannan. Ɗaya shi ne maɓallin ya maƙale a ƙasa. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai, haka ɓarɓashin abinci, amma babu abin da ya kai shayi mai sukari ɓarna, domin idan ya bushe yana kamawa kamar ƙaro. Maɓallan Ctrl biyu ne, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ku daddanna kowanne ku ga ko yana tasowa da kansa. Idan ba ya tasowa, ku kashe kwamfutar, ku cire wayar allon maɓallan, ku kifa shi ku ɗan bubbuga bayansa, ku share tsakanin maɓallan da busasshen buroshi. Kada ruwa ya kusance shi. Alherin kwamfutar tebur shi ne allon maɓallanta daban yake da jikinta. Ku aro na kwamfutar da ke kusa ku jona. Idan matsalar ta tafi, kun san mai laifi, kuma sabon allo ba shi da tsada idan aka gwada da gyaran na'ura. Ƙyalle mai tsabta da za a riƙa rufe shi da shi bayan aiki yana ƙara masa kwana.

Na biyu wani tsari ne na Windows mai suna Touches rémanentes. Idan aka danna Maj sau biyar a jere, kwamfuta tana yin ƴar ƙara ta tambaya ko a kunna shi, kuma wanda bai karanta tambayar ba yakan amsa da i don kawai ta ba shi wuri. Da zarar an kunna shi, taɓa Ctrl sau ɗaya ya isa kwamfuta ta riƙe shi har sai an danna maɓalli na gaba. Idan na gaban V ne, an manna. Ana kashe shi daga Paramètres, a sashen Accessibilité, a ƙarƙashin Clavier. A Windows 10 sunan sashen Options d'ergonomie. Amma ku tambaya kafin ku kashe. An yi wannan tsari ne domin masu hannu ɗaya da waɗanda yatsunsu ba sa iya riƙe maɓalli biyu a lokaci guda, kuma mai yiwuwa akwai ɗan uwanku a cibiyar da ba ya iya aiki sai da shi.

Ga masu riƙe lissafi

Wannan sashe na sakatarori da ma'aji ne, maza da mata, domin a nan ne kuskuren yake taɓa kuɗin jama'a. A Excel, idan kuka kwafi wani gida, za ku ga ɗigo-ɗigo suna zagaya shi suna motsi kamar jerin tururuwa. Muddin suna motsi, maɓallin Entrée ya zama maɓallin mannawa. Ko bayan kun manna da Ctrl da V, ɗigon ba sa tsayawa.

A ce kun kwafi sefa 15.000 daga layin wata memba kun manna inda ya dace. Sai kuka kai linzami bisa gidan wata memba wadda ta zuba 2.500 domin ku duba, kuka danna Entrée don ku sauka layi na gaba kamar yadda kuka saba. Nan take 2.500 ya koma 15.000. Babu ƙara, babu tambaya, lamba ce ta maye gurbin lamba, ido kuma ba ya saurin kama wannan yadda yake kama baƙuwar kalma cikin wasiƙa. Idan gidan da abin ya sauka shi ne mai tara jimla, to dabarar tarawar ta goge, jimlar ba za ta ƙara motsi ba kome kuka ƙara a sama. Irin wannan ba a ganinsa sai ranar rabo, lokacin da kuɗin cikin akwati da na takarda suka ƙi haɗuwa, kuma a ranar ba kwamfuta za a zarga ba, ma'aji za a kalla.

Maganinsa maɓalli ɗaya ne. Da kun gama mannawa, ku danna Échap, wanda yake can kusurwar sama ta hagu. Ɗigon za su tsaya, Entrée ya koma aikinsa. Ku roƙi wanda ya iya ya kulle muku gidajen jimla ta hanyar Protéger la feuille, wanda yake ƙarƙashin Révision, domin gidan da aka kulle ba ya karɓar mannawa. Kuma kada ku yar da kayen lissafi don an samu na'ura. Shi ne shaidar da za ku koma wa.

Linzami

Tsakanin maɓallan linzami biyu akwai ƴar taya wadda ake murzawa domin hawa da sauka cikin takarda. Mutane da yawa ba su san ita ma maɓalli ce ba: idan aka danna ta ƙasa tana yin ƙas. A Windows wannan dannawa ba ta manna kome cikin Word. Amma ba kowace kwamfuta ce take aiki da Windows ba. Wasu suna ɗauke da Linux, wanda kyauta ne kuma yana tafiya da kyau bisa tsofaffin na'urori. Idan kun ga sunan Ubuntu ko Debian ko Mint lokacin da na'urar take tashi, to shi ne.

A yawancin kwamfutocin Linux allon ajiya biyu ne. Akwai wanda kuka sani, mai aiki da Ctrl da C. Akwai kuma na biyu wanda ba ya jiran a ce masa kwafa: duk rubutun da kuka ja linzami a kansa ya yi shuɗi, ya riga ya hau wannan allo. Danna tayar tsakiya kuma yana sauke shi a inda kibiyar linzami take. Wannan tsohuwar al'ada ce da aka gada daga tsarin tagogi mai suna X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma ƙwararru suna son ta domin tana rage musu aiki. Ga sabon hannu kuwa masifa ce. Yana murza taya da ƙarfi yana sauka cikin doguwar takarda, yatsansa ya danne ta bai sani ba, rubutu ya sauka a shafi na uku, shi kuma ya riga ya wuce zuwa na biyar. Ba zai gani ba sai an buga takardar. Linzamin da ya tsufa tayarsa takan yi laushi har taɓawa kaɗan ta ishe ta.

Gwajinsa shi ne ku zaɓi kalma ɗaya ba tare da kun kwafe ta ba, ku kai kibiya wani wuri cikin takardar, ku danna taya. Idan kalmar ta fito, kun gano ƙofar. A Ubuntu akwai ƙaramar manhaja mai suna Ajustements, wadda wani lokaci sai an ɗora ta daban. A sashenta na maɓallai da linzami akwai wurin kashe mannawa da maɓallin tsakiya. Wasu manhajoji suna da nasu wurin kashewa daban, wannan aikin mai kula da ɗakin ne. Kafin ya zo, ku riƙa sauka cikin takarda da maɓallan kibiya.

Wani abin kuma yana kama da mannawa alhali ja ne. Idan rubutu yana zaɓe, kuka danna a kansa kuka motsa hannu kafin ku saki, to kun ɗauke shi kun kai shi wani wuri. Ctrl da Z suna mayar da shi.

Haka yake faruwa da fayiloli cikin dosiye. Idan kun ga takardu sun ninku, sunan kowace yana ƙarewa da Copie, an manna su ne a inda suke, kuma goge kwafin ba ya cutar da na asali. Wurin da ake taka-tsantsan shi ne lokacin da kwamfuta ta ce akwai fayil mai wannan suna, ta tambaya ko a maye gurbinsa, wato Remplacer. Fayil ɗin da aka maye gurbinsa ba ya zuwa kwandon shara, Corbeille, inda za a iya tsamo shi. Idan ba ku da tabbaci, ku rufe tambayar ku kira wani.

Kwamfutar da ake tarayya a kanta

A cibiyar karatu ko a siber, mutum goma suna iya zama gaban na'ura ɗaya a yini. Tun da mannawa ba ta wanke allo, abin da kuka kwafa yana nan yana jiran wanda zai biyo bayanku: lambar sirri, lambar katin ɗan ƙasa, wasiƙar neman bashi, zancen rashin lafiya, zancen aure. Shi ma ba sai ya yi niyya ba, yatsansa ya kauce kawai sirrinku ya bayyana gabansa. Kafin ku tashi, ku rubuta wata kalma marar amfani ku kwafe ta, ta hau kan abin da ke bisa allon. Lambar sirri kuwa gara a buga ta da hannu.

Tun daga 2018 Windows ta ƙara wani abu da ya sa wannan dabara ita kaɗai ba ta isa ba. Idan aka kunna tarihin allon ajiya, kwamfuta tana tuna abubuwa 25 na ƙarshe da aka kwafa. Ku riƙe maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows ku taɓa V. Idan jeri ya fito, tarihin a kunne yake, sai ku danna Effacer tout domin a share. Kashe na'urar da sake tayar da ita ma yana share jerin, ban da abubuwan da aka kafe da alamar ƙusa. A kwamfutar da ku kaɗai kuke aiki da ita wannan tsari yana da amfani ƙwarai: kuna iya kafe ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki, ku riƙa zaɓo wanda kuke so kuna ganinsa da idonku kafin ya sauka. A ta tarayya kuwa, ni a ganina barinsa a kashe ya fi.

Idan rubutun wani ya faɗo muku, ku janye shi, ku kwafi wata kalma a kansa, kada ku karanta wa kowa. Amana ce ta faɗo hannunku.

Akwai wurin da Ctrl da Z ba su da iko, shi ne saƙon da ya riga ya tafi. A WhatsApp na kwamfuta da Messenger, maɓallin Entrée aikawa yake yi. Mannawa cikin kuskure, Entrée a bayanta, lissafin ƙungiya ko wasiƙar gida ta isa zauren mutum ɗari. WhatsApp yana ba da damar goge saƙo ga kowa cikin wani ƙayyadadden lokaci, ku yi hakan nan da nan, amma wanda ya riga ya karanta ya karanta. Don haka duk abin da kuka manna cikin gidan saƙo, ku karanta shi daga farko har ƙarshe kafin yatsa ya kusanci Entrée. Lambar waya ko ta asusu da za a tura wa kuɗi, ku gwada ta da wadda ke rubuce bisa takarda, lamba bayan lamba.

Lokacin kiran mai gyara

Idan kun sauya allon maɓallai, kun sauya linzami, kun duba tsare-tsaren da aka ambata, amma rubutu yana ci gaba da faɗowa, ko kuma abin da kuka manna ya saɓa da abin da kuka kwafa yanzu-yanzu, to abin ya wuce gyaran gida. Akwai miyagun manhajoji, waɗanda ake kira ƙwayoyin cutar kwamfuta, masu leƙa allon ajiya, wasunsu har suna musanya lambar asusun da aka kwafa da ta ɓarawo. Sukan shigo ta makullin USB da ke yawo daga na'ura zuwa na'ura, ko ta manhajar da aka sauko da ita daga wurin da ba a sani ba. Ku daina shigar da lambar sirri ko harkar kuɗi a wannan na'ura har sai an duba ta.

Ku taimaki mai gyaran da bayani, domin da shi yake aiki. Ku rubuta masa bisa takarda sunan manhajar da kuke ciki lokacin da abin ya faru, da abin da hannunku yake yi a daidai lokacin, bugawa ko murza taya, da irin rubutun da ya fito, naku ne na ɗazu ko wanda ba ku taɓa gani ba. Ku gaya masa kuma ko an sa wani makullin USB a na'urar cikin kwanakin nan, da ranar da matsalar ta fara.